Yaro ɗan shekara 11 yana cin tsere: a ƙara masa wuta ko a sassauta?

Ɗana ya zo na ɗaya a gasar makarantu a Birnin Kebbi, koci ya ce a riƙa kai shi atisaye safe da yamma. Ya dace?

A waɗannan shekaru, a'a. Ma'aunin da likitocin wasanni ke bayarwa mai sauƙi ne: awoyin horo a mako kada su haura shekarun yaro, kuma a bar masa kwana ɗaya ko biyu na hutu cur. In za a ƙara nisan gudu, kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon jiya. Sannan a lura, yawancin masu cin tsere a firamare sun riga tsararsu girma ne kawai. Da sauran sun kawo ƙarfi, tazarar takan rufe.

To me ke lalacewa in an matsa?

Bakin ƙasusuwan yaro guringuntsi ne, ta nan yake ƙara tsawo, kuma bai kai jijiyar da ke jan sa ƙwari ba. Yawan gudu a busasshiyar ƙasa yakan fito da ƙulli mai zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko ciwo a bayan dunduniya, sai ka ga yaro ya sauka daga fili yana taka kan yatsu. Maganinsa rage gudu na wasu makonni da ganin likita. Kai shi wurin mai ɗori a murza ƙara ɓata wurin yake yi. Mafi muni shi ne a ba shi ƙwayar kashe ciwo ya koma fili. Tiramadol ma, tun Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Ga 'yan mata kuwa, in al'ada ta ɗauke wata uku, alama ce abincin bai kai aikin ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin.

Zafin rana fa?

Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a Kebbi da Zamfara. A yi gudu bayan asuba ko dab da magariba, a sha ruwa duk minti 20. Yaron da ya fara jiri ko surutu barkatai, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a wuce asibiti.

Ba za a bar shi a baya ba in bai shiga manyan gasa da wuri ba?

Hukumar wasannin guje-guje ta duniya da kanta ta daina shirya gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 18 bayan ta Nairobi a 2017. A nan gida kuma akwai matsalar rage shekaru: ɗanka mai shekarunsa na gaskiya zai iya karawa da mai gemu a ɓoye, ya sha kaye, ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Ta yaya zan gane abin ya fara cin ransa?

Ciwon ciki duk safiyar gasa, rashin barci, ɓoye rauni don tsoron faɗa, ko neman dalilin ƙin zuwa fili. In ka ga biyu daga ciki, ka janye shi daga gasa ta gaba, ka bar shi ya yi ƙwallo da langa da abokansa, sannan ka zauna da kocin ku sake tsara makon.