Waiwaye: Yadda Dokokin 2001 da 2004 Suka Raba Zamanin Jordan da na LeBron

Tun daren 7 ga Fabrairu, 2023, da LeBron James ya zarce tarihin maki 38,387 da Kareem Abdul-Jabbar ya kafa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, gardamar wane ne gwanin gwanayen ƙwallon kwando ta sake ɗaukar zafi, kuma har yau ba ta lafa ba. Masoyan Michael Jordan suna riƙe da hujjar da kowa ya haddace: sau shida ya kai Chicago Bulls wasan ƙarshe, sau shida ya ɗauki kofi, kuma kowane karo shi aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe. Masoyan LeBron kuwa cewa suke a duba nisan zango: kofi huɗu da ƙungiyoyi uku, zuwa wasan ƙarshe sau goma, takwas daga ciki a jere, ga maki sama da 40,000. Da zarar an ƙure juna a nan, sai magana ta koma kan zamani. Manya su ce wasan yau ya yi laushi, ba a bari mai tsaro ya yi aikinsa. Matasa su ce tsaron da can na ɗaya-da-ɗaya ne, ba shi da wata dabara, shi ya sa taurarin lokacin suka sha sharafinsu.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake wannan muhawara kamar jiya aka haife ta a kafafen sada zumunta. Ta girme su nesa ba kusa ba. Kuma abin da ɓangarorin biyu ke jifan juna da shi a yau, wato laushin wasa da rashin dabarar tsaro, tushensa guda ne, wasu sauye-sauyen doka da aka yi cikin shekara uku, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu ba.

Farkon labarin sananne ne. Gasar da ta zama NBA ta fara a 1946. A Nuwamban 1950 Fort Wayne ta doke Minneapolis da maki 19 da 18, domin a lokacin ƙungiya tana iya riƙe ƙwallo iya son ranta ta ƙi jefawa. A 1954 aka kawo agogon daƙiƙa 24, wato wa'adin da dole ƙungiya ta jefa ƙwallo kwando kafin ya cika, wasa ya yi gudu. Cikin wannan gudun Wilt Chamberlain ya ci maki 100 a wasa ɗaya a watan Maris na 1962, ya gama kakar da matsakaicin maki 50.4, shi kuma Bill Russell ya tara kofi 11 cikin kaka 13 da Boston Celtics. Tun a lokacin ake tambayar wanda ya fi, mai tarin maki ko mai tarin kofuna, tambayar da ake maimaitawa a yau da wasu sunaye. Ƙungiyoyin gasar takwas ko tara ne a yawancin shekarun Russell, kuma sai a kakar 1973-74 aka fara ƙidaya doke jifa, wato tare ƙwallon abokin hamayya da hannu a kan hanyarta ta zuwa kwando, aikin da ya fi shahara da shi, don haka babu alƙaluman da za su tsaya masa a wannan fanni. A 1976 ƙungiyoyi huɗu na ABA, gasar da ke gogayya da NBA, suka shigo cikinta, a 1979 kuma aka karɓi layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku, shekarar da Magic Johnson da Larry Bird suka fara. Sai 1984, lokacin da Houston ta ɗauki ɗan Legas, Hakeem Olajuwon, a matsayin zaɓi na farko, Chicago ta ɗauki Jordan a na uku.

Akwai abin da ya kamata a gyara kafin a wuce nan. Wasan da ake kira "na da" ba iri ɗaya ba ne. A shekarun 1980 ana zuba maki sosai, har Detroit ta taɓa doke Denver da 186 da 184 a Disambar 1983 bayan ƙarin lokaci sau uku. Wasan ƙarfi da bugun ƙirji da manya ke kewa ya kankama ne daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2004.

Dokoki biyu ne suka siffanta wannan zamani. Ta farko ita ce haramcin tsaron yanki, wato mai tsaro ya gadi wani sashe na fili maimakon mutum. Kowane mai tsaro dole ya bi mutuminsa. An yarda mutum biyu su taru a kan mai riƙe da ƙwallo, amma sai dai na biyun ya taho gaba ɗaya, ba shi da damar tsayawa a tsakani yana gadin fili yana jiran abin da zai faru. Idan ya yi haka, karon farko gargaɗi ne, daga na biyu kuma a ba abokan hamayya jifan kyauta. Masu horarwa suka gane amfanin wannan. Sai su kwashe 'yan wasa biyu ko uku, ko da ba su iya jifa ba, su jera su can nesa a gefe guda, dole masu tsaronsu su bi su. Ɗaya gefen ya zama fili fetal, tauraro da mai tsaronsa kawai. Wanda yake da Jordan, ko Olajuwon, ko Charles Barkley, ya samu abin da yake so. Barkley da irinsa kan juya wa kwando baya suna tura mai tsaro da ƙugu a hankali har agogo ya kusa cika, abin da ya sa a 1999 aka taƙaita wannan salon zuwa daƙiƙa biyar.

Ta biyu kuma ta mai tsaro ce. Yana iya ɗora hannu a ƙugu ko bayan mai ƙwallo, ya ji inda zai nufa, ya karkatar da shi. An rage wannan damar a 1994 da kuma 1999, amma a aikace hannun bai sauka ba. Wato tauraron wancan lokaci yana da fili, sai dai da hannun mutum a jikinsa, kuma idan ya kutsa ƙarƙashin kwando akwai dogaye masu nauyi da ke jiransa da kafaɗa.

Haɗuwar waɗannan biyun ta shaƙe wasan. A karawa ta uku ta jerin wasannin ƙarshe na 1998, Utah ta tashi da maki 54 kacal a hannun Chicago. A gajeriyar kakar 1998-99 matsakaicin makin ƙungiya ya sauko 91.6. An gwada matso da layin maki uku daga 1994 zuwa 1997, ba ta biya buƙata ba, aka mayar da shi inda yake. Jordan ya yi ritaya ta biyu, 'yan kallo suna ƙorafin mutum takwas na tsaye suna kallon mutum biyu.

A watan Afrilun 2001 aka amince da sauyin da, a ganina, ya fi kowane tasiri tun bayan agogon 1954. Aka soke haramcin tsaron yanki daga kakar 2001-02. Mai tsaro ya samu 'yancin barin mutuminsa ya tsaya inda ya ga hatsari zai ɓullo. Don kada dogaye su kafa sansani a gaban kwando, aka ce mai tsaro ba zai wuce daƙiƙa uku a cikin akwatin da aka zana a gaban kwandon ba sai idan yana dab da wanda yake tsaro. Aka kuma rage lokacin tsallaka da ƙwallo rabin fili daga daƙiƙa goma zuwa takwas.

Maki ba su tashi nan take ba. Abin da ya faru ma akasin haka ne, domin na tsawon kaka uku masu tsaro sun haɗa riba biyu, ga 'yancin taruwa, ga hannu a jiki. A kakar 2003-04 matsakaicin maki 93.4 ne. Detroit ta hana ƙungiyoyi biyar a jere kaiwa maki 70 a watan Maris na 2004, ta fitar da Indiana a wasan da aka tashi 69 da 65, sannan ta lallasa Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da wasa huɗu da ɗaya ta ɗauki kofi. Duk mai neman zamanin da cin maki ya fi wuya, ina ganin waɗannan shekaru ukun ya kamata ya fara dubawa, kuma ba su cikin shekarun ganiyar Jordan, ba su cikin na LeBron.

Daga kakar 2004-05 aka tsaurara hukunci kan sa hannu a jikin mai ƙwallo a wajen akwati. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Phoenix, wadda ta ci wasa 29 a kakar da ta gabata, ta dawo da Steve Nash, ta ci wasa 62 da matsakaicin maki sama da 110, Nash kuma ya zama gwarzon shekara sau biyu a jere. A kakar 2005-06 Kobe ya yi matsakaicin 35.4, Allen Iverson 33, LeBron 31.4, kuma a Janairun 2006 Kobe ya zuba wa Toronto maki 81. Mai sauri da iya sarrafa ƙwallo ya samu hanya.

Sai dai masu tsaro ma ba su yi barci ba. Da hannu ya fita daga lissafi, suka koma ga ɗaya damar da 2001 ta ba su. Boston ta 2008 ta riƙa cunkushe gefen da ƙwallo take, ta bar na nesa, tana dogaro da saurin komawa. Dallas ta 2011 ta riƙa sauyawa zuwa tsaron yanki a kan Miami, ƙungiyar LeBron a lokacin, LeBron ya tarar da mutum biyu ko uku a hanyarsa kafin ya ɗaga ƙafa, aka doke Miami da wasa huɗu da biyu. Maganin wannan tsaro guda ne: kowane ɗan wasa ya zama mai iya jifa daga nesa, yadda duk wanda aka bari shi kaɗai zai hukunta masu tsaro. Daga nan ɗan wasan da a 1995 ake ajiye shi a gefe don kawai ya janye mai tsaronsa ya rasa gurbi. Layin maki uku yana nan tun 1979, amma a kakarsa ta farko ƙungiya ba ta kai gwaji uku a wasa ba. A kakar Jordan ta ƙarshe a Chicago kusan 13 ne, a 2023-24 ya haura 35. Stephen Curry, da ya ci 402 a kakar 2015-16, baiwarsa tasa ce, ba mai ƙwace masa, amma ya zo ne a lokacin da wasan ke neman irinsa ruwa a jallo.

Dogayen tsakiya su ne suka fi jin jiki. Yanzu ana iya tare gabansu da bayansu tun ƙwallo ba ta iso ba. Olajuwon ya zama gwarzon shekara a 1994, David Robinson a 1995, O'Neal a 2000, daga nan babu ɗan tsakiya da ya sake samu sai Nikola Jokić a 2021, shi ma da salon raba ƙwallo da jifa daga nesa. Wannan yana ƙona mini rai game da Olajuwon, domin mutumin da ya haɗa gwarzon shekara, gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a kaka ɗaya, wanda har yau yake riƙe da tarihin doke jifa 3,830, ya zama wanda ake ambata a ƙarshen jeri, saboda yaran da suka taso bayan 2004 ba su saba ganin wasa yana juyawa a kan irin gurbinsa ba.

Sauyin ya kuma buɗe ƙofa ga waɗanda suka taso da dokokin ƙasa da ƙasa, inda tsaron yanki halas ne tun asali. Amurka ta ƙare ta shida a gasar duniya ta 2002 a gidanta, ta tsira da tagulla a Atina a 2004, shekarar da Ajantina ta ɗauki zinare. Daga 2019 zuwa 2025 duk gwarazan shekara haifaffun wajen Amurka ne: Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, Jokić na Sabiya, Joel Embiid na Kamaru da Shai Gilgeous-Alexander na Kanada.

To ina Jordan da LeBron suka tsaya a wannan taswira? Jordan ya buga wasansa na ƙarshe a Afrilun 2003, aka ɗauki LeBron a watan Yunin shekarar. Ba su taɓa haɗuwa a wasan gasa ba. Duk kofunan Jordan shida an ci su ne ƙarƙashin tsohuwar doka. Abin da ya buga bayan halasta tsaron yanki kaka biyu ne a Washington, yana tsakanin shekara 38 da 40, da ciwon gwiwa, inda ya yi matsakaicin 22.9 da 20. LeBron kuwa kaka ɗaya tak ya ɗanɗana hannu a jiki, yana ɗan shekara 19, ya yi 20.9, a ta biyu ya tashi zuwa 27.2, kuma ba wanda zai iya raba rabon doka da rabon girma a wannan tashi. Mai cewa LeBron bai sha matsar da Jordan ya sha ba, gaskiya ya faɗa. Mai cewa Jordan a ganiyarsa bai fuskanci bangon mutum uku da ke jiransa tun kafin ya motsa ba, shi ma yana da hujja, ko da yake Detroit ta ƙarshen shekarun 1980 ta yi duk abin da dokar lokacin ta bari wajen taruwa a kansa.

Waɗanda suke da shaida a ɓangarorin biyu kaɗan ne, kuma ba a cika sa su a tsakiyar gardamar ba. Tim Duncan na San Antonio ya ɗauki kofi a 1999 ƙarƙashin tsohuwar doka, ya ɗauka a 2003 cikin shekarun ƙunci, ya ɗauka a 2005 da 2007 bayan an sauke hannu, ya sake ɗauka a 2014 da ƙungiyar da ta dogara da saurin miƙa ƙwallo da jifan nesa. Kobe ya ci uku daga 2000 zuwa 2002, ya ƙara biyu a 2009 da 2010. Idan abin da ake nema shi ne wanda aka gani da ido yana cin nasara a kowane irin wasa, su biyun nan sun cancanci kujera a gaba fiye da yadda ake ba su.

Kuma ma'aunin bai daina motsi ba. A Janairun 2024, cikin mako guda, Embiid ya ci maki 70, Luka Dončić ya ci 73, aka yi ta kukan cewa tsaro ya mutu. Bayan hutun tsakiyar kaka sai aka ga alƙalai suna barin gogayyar jiki fiye da da, jifan kyauta ya ragu, maki suka sauko a faɗin gasar, alhali 'yan wasan su ne dai waɗanda suka buga a watan Janairu.