Kuɗin ɗalibi a Dang: ina suke shiga tun wata bai raba ba?

An yi zama a jami'ar Ngaundere da ke Dang, a Kamaru, kan yadda ɗalibi zai riƙa tafiyar da 'yan kuɗinsa, waɗanda basu samu zuwa ba sun dame ni da tambaya a WhatsApp, to ga amsoshin a wuri ɗaya.

Ni da jaka ashirin kacal Baba ke turo min a wata, wane lissafi kuma zan yi?

Ai kai ne ma lissafin ya fi kamawa. Abu na farko da aka ce mu yi, a samu ɗan kaye a rubuta duk abinda ya fita na wata guda, ko da dala biyar ce. Moto, fotokofi, kredi da forfe na intanet, shayi da burodi, tsiren yamma a bakin titi. Yawancinmu haya muke ɗora wa laifi, alhali haya ka san ranarta ka san adadinta, waɗannan ƙananan ne suke cinye mutum, ɗari biyu nan ɗari uku can, kan ka farga ranar 15 ga wata kana kiran gida kana kame-kame.

To da me zan fara in kuɗi sun shigo?

Hayar ɗakin minisite (gidajen hayar ɗalibai), abinci, sai kuɗin rajista. Rajistar jami'ar gwamnati a Kamaru sefa 50,000 ce a shekara, ana iya biya kashi biyu. Raba ta wata goma ka gani, jaka biyar-biyar ne. Ware su ranar da kuɗin suka shigo, in ka ce sai abinda ya rage a ƙarshen wata wallahi ba abinda zai rage.

Asusun waya na Orange Money ko MoMo, ajiya ce?

Sun fi ƙarƙashin katifa dai. Amma tun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan turawa da cirewa, wato sefa 20 a jaka goma, ga kuma cajin kamfanin a kai, shi yasa mai cira kaɗan-kaɗan kullum ya fi asara. Kuma lambar sirrinka kar ka ba kowa, ko da ya kira ya ce daga ofis yake.

Adashi fa?

Ni ina goyon bayansa, don kunyar idon mutane tana sa ka zuba ko baka so. Sai dai baya ƙara maka ko dala, abinda ka zuba shi zaka kwasa. A shiga da waɗanda aka san gidajensu, a rubuta jerin kwasa tun ranar farko, kai kuma ka nemi naka ya faɗo dab da biyan rajista. Masu cewa kawo jaka goma ka karɓi ashirin bayan sati biyu kuwa, kuɗin sabbin shiga ake ba na farko, ranar da sabbi suka daina zuwa shikenan. In ƙaramin banki ne, tambayi ko yana da lasisi, COBAC, hukumar kula da bankunan Afirka ta Tsakiya, ce ke sa musu ido.

In ajiye a naira ko a sefa?

'Yan Marwa da Garwa masu ɗan saro kaya daga Mubi ne suka yi ta nanata wannan. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 duk yuro ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta kasuwa ta riƙa yanke farashinta a Yunin 2023 ta sha ƙasa sosai. Da sefa zaka biya haya da rajista, to ajiye a sefa, ka canza iya na sari ranar da zaka tafi kasuwa.