Himmar karatu

Himmar karatu ita ce abin da ke sa ɗalibi ya kama koyon abu, ya dage a kansa, ya kuma koma masa bayan ya sha wuya. Tun da ba a ganin ta da ido, masana halayyar ɗan Adam suna gane ta ne daga abin da ɗalibi ya zaɓa idan an bar shi da kansa, da ƙarfin da ya zuba, da tsawon lokacin da ya jure kafin ya ajiye. Hausa tana da kalmomi da dama a kewayenta, irin su ƙwazo da naci da ƙoƙari, kishiyoyinsu kuwa kasala da lalaci. Mutane sukan ɗauke ta kamar hali ne da ake haihuwar yaro da shi, har a ce himma ba ta ga rago. Amma nazarin da aka yi ta yi tun daga wajen 1970 ya nuna tana hawa tana sauka a jikin yaro guda, gwargwadon darasi da malami da gida, har da abin da ya karya da shi.

Lada da sha'awa

A farkon ƙarni na 20, ra'ayin da ya fi ƙarfi a Amurka shi ne na Edward Thorndike, daga baya B. F. Skinner ya faɗaɗa shi: aikin da aka saka wa mai shi da abu mai daɗi zai maimaita shi, wanda ya jawo masa wuya zai bari. Maki da kyautar ƙarshen zango da bulala duk a kan wannan tunani suke tsaye.

A 1971 Edward Deci ya ba ɗaliban jami'a wani wasan haɗa 'yan katakai mai jan hankali. Wasu ya biya su dala ɗaya kan kowane da suka warware, wasu bai ba su komai ba. Da aka janye kuɗin, waɗanda suka saba karɓa sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka gwada irin wannan da yaran makarantar reno ta Jami'ar Stanford, yaran da dama can suna son zane. Rukuni ɗaya aka yi musu alkawarin takardar yabo, na biyu aka ba su ita ba zato, na uku ba a ba su ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, 'yan alkawarin suna yin zane kusan rabin lokacin da sauran ke yi. Abin da yaro yake yi don daɗi ya koma masa aikin lada, ladan ya tsaya, aikin ma ya tsaya.

Daga nan masana suka raba himma gida biyu: wadda ke tasowa daga sha'awar abin kansa, da wadda ake kunnawa daga waje da kyauta ko tsoro ko neman takardar shaida. Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester sun tsara bayanin a 1985, inda suka ce sha'awa tana rayuwa ne idan ɗalibi yana jin da zaɓinsa a cikin abin, yana jin ya iya, yana kuma jin an san da shi a wurin. Wannan bai sa kyauta ta zama banza ba. Illarta ta fi fitowa a aikin da yaro yake so tun asali. A aikin da ba shi da armashi, kamar haddace jadawalin sau, ɗan tukuici kan taimaka a fara, sha'awar ta biyo baya idan iyawa ta zo.

Abin da ɗalibi ya yarda da shi game da kansa

Albert Bandura ya nuna a 1977 cewa yardar mutum da cewa zai iya wani takamaiman aiki tana yanke ko zai fara da kuma ko zai jure. Mafi ƙarfin tushenta shi ne nasarar da ya taɓa samu da hannunsa. Sai ganin tsaransa ya yi, sai ƙarfafa gwiwa daga wanda ya yarda da shi, sai yanayin jikinsa, kamar faɗuwar gaba a ɗakin jarabawa. Bernard Weiner kuma ya duba yadda ɗalibi ke fassara faɗuwarsa. Wanda ya ce "ban yi bita ba" yana da abin gyarawa gobe. Wanda ya ce "ni ba ni da kan lissafi" ya rufe ƙofa da kansa. Kiran yaro daƙiƙi a gaban aji yana koya masa fassara ta biyu ne.

Yabo ma yana da tarko. A gwajin da Claudia Mueller da Carol Dweck suka buga a 1998, yaran aji biyar da aka yaba wa kaifin ƙwaƙwalwa sun fi gudun tambayoyi masu wuya, sun fi karaya bayan sun faɗi, da dama ma sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi dagewa. Ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa tana ƙaruwa da ƙoƙari ya bazu a makarantun duniya har aka yi masa kallon maganin komai, abin da bai kai ba. Babban gwajin da aka buga a 2019, na koya wa ɗalibai wannan ra'ayi, da ɗalibai sama da 12,000 a makarantun sakandare 65 na Amurka, ya sami ƙarin kusan 0.1 a ma'aunin maki 4 ga ɗalibai masu rauni. Ci gaba ne, amma ɗan kaɗan.

Haka zancen zaton malami. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka ba da rahoton wata firamare a Kalifoniya inda aka gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice, alhali da ka aka zaɓo sunayen. Makin yaran a gwajin basira ya ɗaga, musamman a aji ɗaya da biyu. Binciken da ya biyo baya ya rage girman tasirin, sai dai ya fi bayyana a kan yaran da dama an raina su.

Makarantar allo

Tsarin karatun allo a ƙasar Hausa yana ɗauke da dabarun zaburarwa tun kafin a ba su suna a jami'o'i. Kowane almajiri yana tafiya da saurin kansa, daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa haɗa baƙi, kuma ba ya wanke allo sai ya biya wa malam karatunsa daidai. Wanke allon nan nasara ce ƙarama da ake gani da ido, ana kuma samun ta a kai a kai, wato ainihin abin da Bandura ya sa a gaba. Idan yaro ya kai wasu surori, iyaye kan yi sadaka. Ranar sauka kuwa akwai allon zayyana da sabbin kaya da walima, ƙannensa suna kallo suna ƙudurta tasu. A tsangaya akwai matakan girma da kowa ya sani, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har alaramma da gwani. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta ƙara wa wannan gasa da kyaututtuka. Dorina ma tana nan, a allo da boko duka. Tana sa yaro ya zauna ya buɗe baki, amma tsoro ba ya haifar da son karatu, kuma yakan kori wanda ya riga ya fara sarewa.

Ciki, harshe da amfanin karatu

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaro mai yunwa ko mai ciwo, sau da yawa ana yi masa kallon malalaci. A yankin Busiya na Kenya, Edward Miguel da Michael Kremer sun nuna a 2004 cewa ba 'yan firamare maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2016 a kan irin wannan hujja ya dogara.

Harshe ma haka. Yaron da ake koya wa karatu da harshen da ba ya ji, ba ya samun ƙananan nasarorin da ke riƙe shi, sai ya koma maimaita sauti. Aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da shekaru shida na firamare da Yarbanci, ya nuna yaran ba su yi baya ba ko a Turanci. Nijar ta fara gwada makarantun harshen gida a 1973.

Babban ɗalibi kuma yana lissafi. Idan yayansa ya gama digiri yana zaune a majalisa ba aiki, darajar takardar shaidar sakandare, WAEC a Najeriya ko BEPC a Nijar, tana raguwa a idonsa, haka yarinyar da ta san za a cire ta kafin ta gama. Robert Jensen ya nuna a 2010, a Jamhuriyar Dominika, cewa samari suna raina abin da mai shaidar sakandare ke samu, kuma waɗanda aka gaya wa ainihin adadin sun ƙara daɗewa a makaranta, sai dai mafi talaucinsu ba su amfana sosai ba, don sanin amfani ba ya biyan kuɗin makaranta.

A aji mai cunkoso, manhaja takan yi gaba ta bar yaran da ba su iya haɗa baƙi ba, su zauna shekara da shekaru ba sa gane komai. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da hanyar raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, na 'yan sa'o'i a rana, kowa ya fara daga inda ya tsaya. An gwada hanyar a wasu jihohin arewacin Najeriya, ciki har da Kano da Borno.