Zane da ƙira ta kwamfuta a makarantun Gombe: ta ina doka ta buɗe ƙofa?

Shugaban makarantar da ke son ɗalibansa su koyi zana kujera ko ƙofa a kwamfuta, sannan inji ya yanka ta daidai da zanen, yakan fara da tambayar wa zai ba shi izini, wa kuma zai biya. Amsar ta danganta da ajin da ake magana a kai.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ce ke rubuta manhajar firamare da sakandare, amma ginin ɗakin aiki, ɗaukar malami da sayen kaya a makarantar jiha nauyin jiha ne. Manhaja dai takarda ce, ba ta zuwa da kwamfuta.

A ƙaramar sakandare, hanyar kuɗi ita ce Dokar ilimin tushe na bai-ɗaya (UBE) ta 2004. Ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin tushe, da sharaɗin jiha ta zuba nata rabin kafin ta ɗauki tallafin ayyuka daga UBEC, hukumar ilimin tushe ta tarayya. Don haka buƙatar makaranta sai ta bi ta SUBEB, hukumar ilimin tushe ta jiha, ta shiga tsarin aikin shekara. Babbar sakandare ba ta cikin wannan asusu, ma'aikatar ilimi ta jiha za a nufa. Kwalejojin fasaha kuwa nasu daban ne: hukumar ilimin fasaha ta ƙasa (NBTE) da ke Kaduna ke sa musu ƙa'idar kayan aiki, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci (NABTEB) ke yi musu jarrabawa.

Tun 2011 aka wajabta wa ɗalibin babbar sakandare ɗaukar darasin sana'a guda daga cikin 34. Sauyin manhaja na 2025 ya rage su zuwa 6, ciki har da ɗinki da haɗa sola, ya kuma sa fasahar dijital cikin darussan dole. Ke nan ba sai an jira sabon darasi ba. Malamin zanen fasaha da na kwamfuta za su iya haɗa kai, mai koyar da ɗinki ma zai iya fitar da fatin, wato zanen yankan tufa, a kwamfuta.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne fara sayen inji. Ɗalibin da bai iya karanta zane ta gaba, ta gefe da ta sama a takarda ba, kwamfuta ba za ta gyara shi ba, saurin yin kuskure kawai za ta ƙara masa. A fara da allon zane, sannan shirye-shiryen kwamfuta na zane: LibreCAD don zane shimfiɗaɗɗe, FreeCAD don mai tudu. Dukansu kyauta ne kuma suna aiki ba intanet, saɓanin Tinkercad da ke buƙatar data a kowane darasi. Kowace kwamfuta ta samu linzami mai wili a tsakiya, domin da shi ake juya zane.

In an zo ga inji, firinta mai fitar da siffar roba ta fi sauƙi. Tana cin zaren roba da ake kira PLA mai kaurin milimita 1.75, bakinta yakan zama milimita 0.4, tana narkar da shi a kusan digiri 200. Matsalolinta a nan uku ne. Ƙurar hunturu kan bi zaren ta toshe bakin, sai a lulluɓe injin, zaren kuma a ajiye shi cikin leda mai zik. Abu ƙarami kan ci awa biyu ko uku, in wuta ta ɗauke a tsakiya sau da yawa aikin ya lalace, saboda haka batir da inbata su riga injin zuwa. Na uku, PLA yana fara laushi a kusan digiri 60, kuma abin da aka bari cikin mota a rufe a ranar watan Afrilu zai iya lanƙwashewa.

Injin yanka da hasken lesa ya fi burge baƙi ranar ƙaddamarwa, ya kuma fi haɗari. Dole a ja bututun hayaƙinsa zuwa waje, a ajiye abin kashe gobara kusa, kada a bar shi yana aiki ba kowa. Kada a taɓa sa masa robar PVC, hayaƙinta guba ne, yana kuma cinye ƙarfen injin. Hasken yana cin ɗan kauri wajen yanka, in ba a lissafa shi a zane ba haɗin akwatin zai fito sako-sako.

Batun malami fa? Dokar hukumar rajistar malamai (TRCN) ta 1993 ta ce sai mai rajista zai koyar, don haka gwanin zane daga kasuwa zai iya zuwa ya nuna aiki, amma ba zai riƙe aji ba. Gombe ta yi sa'a, Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya na cikin garin, kuma horar da malaman sana'a ne aikinta. Duk takardar neman inji da za a aika SUBEB ko ma'aikata, a rubuta kuɗin horar da malamai biyu a cikinta, ba ɗaya ba, saboda canjin wurin aiki, tare da kuɗin zare da bakin firinta na shekara guda.