Wai FM-200 ɗin nan da kowa ke kira, me ake nufi da shi?

Duk lokacin da hunturu ya kama aka fara gobarar kasuwa sai ka ji an ɗauko wata kalma ana ta yayi, bana FM-200 ce. Shekaranjiya a rediyo wani bawan Allah ya bugo waya yana ta faɗa wai me ya hana gwamnati ta sayo FM-200 ta kakkafa a kasuwanninmu a huta da asara, mai gabatarwa kuma ya ce ai kuwa ka kawo shawara. Saura kaɗan in kashe rediyon.

FM-200 dai sunan kasuwa ne na wani sinadarin kashe gobara da ake ɗurawa a silinda, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo. Ainihin sinadarin sunansa HFC-227ea, kuma ya samu shiga ne bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kori Halon, tsohon sinadarin kashe gobara, saboda yana cinye ozon, wato iskar sama da ke kare mu daga haskoki masu illa na rana, ƙasashen da suka ci gaba suka daina ƙera shi a 1994. Amma yanzu duk jan silindar da aka gani a ɗakin saba, wato ɗakin manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, ko ɗakin ajiyar takardu na banki sai a ce FM-200, alhali wata Novec 1230 ce ta kamfanin 3M, wata Inergen ce, wato haɗin naitirojin kashi 52, agon 40, kabon dayoksaid 8. Abin da ya haɗa su kawai ba sa jiƙa kaya, ba sa barin hoda a kan kaya, ba sa ɗaukar lantarki. Masu cewa FM-200 shanye iskar shaƙa yake yi su ma sun ɓata hanya, shi zafin wutar yake zuƙewa, kuma kusan kashi 7 cikin ɗari na iskar ɗakin ya ishe shi. Inergen ce ke sauko da oksijin daga kashi 21 zuwa ƙasa da 15. Wanda ke kisa kai tsaye shi ne tsarin kabon dayoksaid zalla, shi kam ba a wasa da shi inda mutane ke zama.

To ga abin da ke ci min rai. Mutane sun ɗauka silindar ita ce tsarin. Wallahi ɗakin shi ne rabin tsarin. Ƙa'idar NFPA 2001 ta Amurka, wadda masu wannan sana'a ke bi, ta ce sinadarin ya gama fita cikin daƙiƙa 10, sannan ana so ɗakin ya riƙe shi wajen minti 10, don wayar da ta yi ja ta huce kafin 'yan kwana-kwana su iso. Iska ce fa, kuma ta fi iskar ɗaki nauyi, duk wata kafa da ke ƙasa nan za ta bi ta zurare. Zuba ruwa ne a randa mai huji. To ka faɗa min ya za a yi rumfar kasuwa mai buɗaɗɗen gaba da kwano a sama ta riƙe shi ko na daƙiƙa biyar? Kasuwa ruwa take so, da hanyar da motar kwana-kwana za ta shiga, da a daina jona waya barkatai.

Na taɓa raka wani abokina mai wannan aikin duba ɗakin saba na wata ma'aikata, ba sai na kama suna ba. Manaja ya shigo da mu yana taƙama, silinda biyu jajaye fes ana goge su kullum, allurar geji tana kan kore, ya ce kun gani lafiya lau. Abokina ko kallon gejin bai yi ba, ya durƙusa ya leƙa bayan kabad ɗin sabobin, sai ga ramin da mai AC ya fasa ya zura bututu, hannuna ya shige har gwiwa ina hango hasken rana ta ciki. Ya ɗaga tayil ɗaya na daɓen da ake bi da wayoyi ta ƙarƙashi, wani ramin kuma, na masu jan wayar intanet. Ita kuwa ƙofar an tokare ta da rabin bulo tun ranar da AC ɗaya ya mutu wai ɗakin ya sha iska. Da wuta ta tashi ranar, kuɗin da aka narka a silindar nan a farfajiya zai ƙare. Akwai gwajin da ake yi wa wannan, a toshe bakin ƙofa da wani mayafi mai fanka a jiki, a hura iska a zuƙe, na'ura ta lissafa minti nawa ɗakin zai riƙe, kuma ana duba ɗakin duk shekara ko duk sanda aka fasa bango. Manajan bai taɓa jin labarinsa ba.

Shi ma gejin da yake alfahari da shi yaudara gare shi. FM-200 a ruwa-ruwa yake zaune cikin silinda, naitirojin aka ɗura a kansa don ya tunkuɗo shi, yawanci da ƙarfin bar 25 ko 42 a ma'aunin matsin iska, kuma yawancin abin da allurar ke nunawa ƙarfin naitirojin ɗin ne. Sinadarin na iya raguwa allura ba ta wani motsa ba. Shi ya sa duk wata shida ake auna nauyinta ko a duba matakin ruwan, in ya ragu fiye da kashi 5, ko ƙarfin ya sauka fiye da kashi 10, sai a sake ɗuri. Sai batiran allon sarrafawa, da na'urorin jin hayaƙi da ƙurar hunturu ke toshewa, da kan nan mai buɗe silinda wanda ake cirewa lokacin gyara don kar ta tashi a banza, a manta ba a mayar ba. Wannan mantuwar ta fi ba ni tsoro, komai na haskawa kore amma abin a kwance yake.

Ni in ka tambaye ni, ba ma lokacin ɗokin FM-200 ba ne yanzu, tunda gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montreal a Kigali a 2016 ya sa an fara rage dangin HFC, wanda FM-200 ke ciki, saboda ɗumamar yanayi, 3M kuma tun 2022 suka sanar za su bar ƙera dangin sinadaran da Novec ke ciki, ɗuri zai ƙara wuya ne kawai.

Bayan wata biyu abokina ya koma wurin. Sun toshe ramin AC ɗin, da kwalin taliya da salatif.