Waiwaye: shekara 40 ana jayayya kan motoci da tsuntsayen bakin teku a Amurka

Mu a Jos ba mu da teku, amma muna da masu nazarin tsuntsaye a cibiyar APLORI da ke Laminga, kuma ga tsibiran yashi na Binuwai da Neja, inda ladin kogi ke binne ƙwansa da rani, daidai lokacin da ruwa ke janyewa tifofi su samu hanyar shiga ɗibar yashi. Shi ya sa rigimar Cape Hatteras, a jihar North Carolina, ta cancanci a san tarihinta.

Gaɓar teku ce mai tsawon kusan kilomita 110, gwamnatin tarayya ke riƙe da ita tun 1953. Masu kamun kifi da ƙugiya sun saba shiga da mota har bakin ruwa, su rage iskar taya don kada yashi ya riƙe su. A 1972 Shugaba Nixon ya ba da umarnin a tsara inda mota za ta bi a filayen gwamnati, Shugaba Carter ya ƙara masa ƙarfi a 1977. Hukumar da ke kula da wurin ta yi ta jan ƙafa, ba ta fitar da doka ba. A ganinmu wannan jinkirin ne ya dagula lamarin, domin abin da mutum ya shekara 30 yana yi ba mai tsawatarwa, ya riga ya ɗauke shi haƙƙinsa.

Tsuntsun da ake rigimar a kansa shi ne piping plover, ɗan ƙarami daga dangin zakaran ƙeƙuwa. An sa shi cikin halittun da doka ke karewa a 1986, lokacin da ma'auratansa a gaɓar Atlantika ba su wuce 800 ba. Ba ya saƙa sheƙa. Ɗan rami yake yi a yashi ya saka ƙwai 4 masu launin yashin, a kwanta a kansu kusan kwana 27. Tsare ƙwai ba wuya: igiya da turaku, sai kejin waya saboda namun da ke shan ƙwan. Wahalar tana farawa bayan ƙyanƙyasa. Cikin 'yan sa'o'i 'ya'yan ke barin ramin su nemi abinci da kansu, ba kuma sa iya tashi sai bayan kwana 25 zuwa 35. In sun ji motsi sai su laɓe su yi shiru, sau da yawa a cikin sawun taya, wanda zurfinsa ke hana su fita. Motar da ta biyo sawun ita ke taka su. Tayoyi kuma suna murƙushe ciyawar da igiyar ruwa ke tarawa, inda ƙwarin da suke ci suke.

A 2007 ƙungiyoyin kare namun daji, Audubon da Defenders of Wildlife, suka kai hukumar da ke kula da wurin ƙara. Sulhun da kotu ta amince da shi a Afrilun 2008 ya hana mota kusantar 'yan tsakin da mita 1,000, shingen kuma yana bin su duk inda suka koma. An hana tuƙin dare daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe a lokacin da kunkurun teku ke saka ƙwai. In aka karya shinge da gangan, sai a ƙara faɗinsa da mita 50, in an sake a ƙara fiye da haka. Mutanen yankin suka fusata, suna cewa an rufe musu Cape Point, wurin da kifi ya fi kamuwa, a tsakiyar kasuwarsu.

Dokar dindindin ta fara aiki a Fabrairun 2012, da takardar izini ta kuɗi da hanyoyi iri uku: na duk shekara, na wani lokaci, da inda mota ba ta shiga sam. A ƙarshen 2014 majalisar dokokin tarayyar Amurka ta sa a sake duba tazarar mita 1,000 ɗin, a 2015 aka rage ta zuwa mita 500. Ragin ya dogara ne ga ma'aikatan da ke fita da sassafe su gano inda kowane ɗan tsako yake kafin a buɗe wa mota hanya.