Gyartai: mai ɗinkin ƙwarya da ya shiga karin magana

Kwanan baya a wani gidan suna a Maradi, wata dattijuwa ta dubi ƴar ƙanwarta da ta dawo daga Yamai tana yatsina, ta ce: "Ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta." Aka kwashe da dariya. Yarinyar ma ta dara, amma can ta matso kusa da ni ta ce: "Yaya, wai mene ne gyartai?"

Gyartai shi ne mai ɗinke ƙwarya idan ta tsage. Kalmar daga "gyarta" take, wato gyara, kuma sana'ar gyartanci ake ce mata. A da yakan bi gida-gida da basillarsa, mata su fito masa da ƙoƙo, ludayi ko masakin da ya fashe. Sai ya haɗa bakin tsagar, ya huda ƙananan ramuka gefe da gefe, ya bi su da zare mai ƙarfi har ƙwaryar ta sake riƙe fura.

Abin lura a aikinsa shi ne ba ya ɓoye ɗinkin. Ba ma zai iya ba. Layin yana nan ɓaro-ɓaro, kuma gwani kan jera shi tsaf kamar ado, har a kan gane hannun wane ne. Ƙwarya goma daga shukar duma ɗaya za su iya kama da juna, amma tsaga biyu ba sa bin hanya ɗaya. Shi ya sa idan an gama rabon tuwon biki aka tara ƙore a tsakar gida, mai ɗinkakkiya ba ta wahalar nema. Ta san ranar da ta faɗi, ta san ɗan da ya yar da ita, wataƙila ma tun kayan auren uwarta ce. Japanawa suna da irin wannan, kintsugi, inda suke liƙe fasasshen kwano su bi layin da garin zinari. Namu ba zinari, kuma ba a ba mai yin girma ba.

Nan karin maganar ta samo gishirinta. An ɗauki gyartanci ƙasƙantacciyar sana'a, don haka gyartai da ya hau gado sai ya hana a tuna masa basilla. Mutumin da ya ci abinci da ɗinkin da kowa ke gani, yau nasa ɗinkin yake son rufewa. Ana jefa ta ga wanda ya samu wuri ya fara ƙyamar asalinsa.

Ni a ganina ba ta dace da Maradi ba. Masu sarautar Katsina da aka kora a jihadi bayan 1807 ne suka kafa mulki a nan, kuma har yau Sarkin Katsinan Maradi ake cewa. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa garin ya hau tudu, tsofaffi kuwa ba su daina ba da labarin tsohon wurin ba.

Roba da silba da ke shigowa ta Ɗan Isa, garin da ke kusa da iyakar Najeriya, sun kusa kashe sana'ar. Wa zai biya ɗinki alhali sabon kwano na da arha? Da yamma ta yi, dattijuwar nan ta tsallake tarin robobi masu launi ɗaya da mata ke gardama a kai, ta ɗauki masakinta mai ɗinki biyu, ta kife shi a ka, ta yi mana sai da safe.